Mahaukaciyar guguwa: Shirin da iyali ke yi kafin ta iso, da abin kiyayewa bayan ta wuce

Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Agusta, ya zubar da ruwa a N'Djamena, ya wuce Zinder da Maraɗi, ya kai Yamai da Bamako, ba kullum yake mutuwa a bakin teku ba. Wani lokaci yakan fita ta gaɓar Senegal ko Gini, ya hau Tekun Atlantika, bayan mako ɗaya ko biyu sai a ji an raɗa masa suna ana ambatonsa a labaran duniya, ya zama mahaukaciyar guguwar da ke kwashe rufin gidaje a tsibiran Karibiyan da kudancin Amurka. Guguwar Irma da ta ragargaza tsibirin Saint-Martin ranar 6 ga Satumban 2017, da Harvey wadda ta nutsar da birnin Houston a watan Agustan wannan shekara, duka biyun daga gaɓar Afirka ta Yamma suka taso.

Irin wannan guguwa ba ta sauka a ƙasar Hausa, amma Hausawa sun yi nisa. Akwai ƴan Zango na Gana da ƴan Nijar a unguwar Bronx ta New York, akwai ƴan Nijar da yawa a Greensboro ta jihar Carolina ta Arewa, akwai ɗalibai da ma'aikata da ƴan kasuwa a Houston da sauran biranen da ke kan hanyar guguwa. Yawancinsu sun girma ne inda ba a san ta ba. Wanda aka haifa a Miami ya koyi shirin tun yana yaro, baƙo kuwa sau da yawa ranar da ta zo yake fara koyo.

Yadda take haɗuwa

A Faransanci ana kiran ta “ouragan” idan a Atlantika take, “cyclone” a Tekun Indiya, “typhon” kuma a gabashin Asiya. Sunayen ne suka bambanta, abin guda ne: tarin hadari mai faɗin ɗaruruwan kilomita da ke juyawa a kan teku mai ɗumi.

Daga watan Mayu zuwa Nuwamba, duk kwana 3 zuwa 5, wata igiyar iska takan taso daga yankin tsaunukan Habasha da Darfur ta nufi yamma, ta ratsa Sahel ɗauke da hadari. A shekara akan samu kimanin 60. Mafi yawansu sukan watse a teku ba tare da sun yi wa kowa komai ba. Amma idan ɗaya ta tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 zuwa 27, da iska mai laima, kuma iskar sama ba ta yayyaga ta ba, sai tururin da ke tashi daga tekun ya riƙa ciyar da ita, juyawar duniya kuma ta sa ta fara kewayawa. Masana yanayi sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke samo asali.

Abu biyu ne suka kare ƙasar Hausa da gaɓar Gini. Guguwar ba ta rayuwa sai a kan teku, da ta hau tudu take fara rauni. Kuma kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda Duwala da Kwatano da Accra suke, ƙarfin da ke juya ta kaɗan ne, iskar yankin ma yamma take kora ta. Duk da haka, ranar 31 ga Agustan 2015 guguwar Fred ta ratsa tsibiran Cap-Vert, irin abin da ba a gani ba tun 1892.

Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a sai a raɗa mata suna. Idan ya kai 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa, daga nan kuma ake auna ta da ma'aunin Saffir-Simpson mai mataki 5. Mataki na 3 yana farawa daga kilomita 178 a sa'a, na 4 daga 209, na 5 daga 252 zuwa sama. Lokacinta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsananta daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, wato daidai da damina da farkon kaka a Sahel. A kudu maso yammacin Tekun Indiya, inda Madagaska da Mayotte da La Réunion da Mozambik suke, daga Nuwamba ne zuwa Afrilu.

Ruwa ya fi iska kisa

Ma'aunin nan iska kawai yake aunawa, shi ya sa yake yaudarar mutane. Wani zai ji an ce guguwar ta sauko daga mataki na 4 zuwa na 1 sai ya saki jiki. Alhali ƙididdigar da Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miami ta yi kan shekarun 1963 zuwa 2012 ta nuna cewa kusan mutum 9 cikin 10 da guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar, ruwa ne ya ci su.

Ruwan ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko tumbatsar teku ce: iska takan tunkuɗo tekun gaba ɗaya ya hau tudu. Lokacin Katrina, ranar 29 ga Agustan 2005, tekun ya tashi sama da mita 8 a gaɓar jihar Mississippi, katangun da ke tare ruwa a New Orleans suka karye, mutum sama da 1,300 suka rasu. Ta biyu ruwan sama ne. Harvey ta tsaya cak a kan kudu maso gabashin Texas na kwanaki, a wani gari aka auna sama da milimita 1,500, kusan ninki uku na abin da Yamai ke samu a shekara guda.

Nisa da teku ma ba kariya ba ne. Guguwar Ida ta sauka a Louisiana ranar 29 ga Agustan 2021. Bayan kwana uku ragowarta, wadda ta riga ta rasa ƙarfin iska, ta isa New York ta zubar da ruwan milimita 80 cikin sa'a ɗaya. Mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu baƙi ƴan ci-rani da ke haya a irin waɗannan ɗakuna saboda araha. A watan Satumban 2024 kuma Helene ta yi mummunar ɓarna a tsaunukan yammacin Carolina ta Arewa, ɗaruruwan kilomita daga inda ta sauka a Florida.

Tun kafin lokacin ya kama

Tun ran gini, tun ran zane. Shirin da ya fi amfani shi ne wanda aka yi rana tana haske, kantuna cike da kaya.

Abu na farko, mai gida ya san inda gidansa yake. A biranen gaɓar tekun Amurka hukumomi sun raba unguwanni zuwa yankunan kwashe jama'a, kowanne da lambarsa ko harafinsa. Idan umurni ya fito, lambar yanki ake faɗa, don haka wanda bai san tasa ba ba zai gane da shi ake ba. Mai zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko gidan kwano, ko gidan da ake ja da mota, ya ɗauka tun farko cewa ba a nan zai kwana ba ranar guguwa, ya nemi ɗan'uwa ko aboki mai gida a tudu su yi magana tun yanzu.

Abu na biyu ruwa ne da abinci. Ma'aunin da hukumomin agaji ke bayarwa shi ne lita 4 ga kowane mutum a rana, na sha da ɗan tsafta, aƙalla na kwana 3, an fi son na mako guda. Gida mai mutum shida ke nan yana buƙatar lita 72 na kwana uku. Abinci kuwa wanda ba ya buƙatar wuta ko firiji. A nan Bahaushe bai da matsala, domin guzurin matafiya ya daɗe da saninsa: garin rogo da sukari, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, madarar gari, biskit, kifin gwangwani. Wannan yana da wata fa'idar: a mafakar gwamnati abin da aka samu ake rabawa, mai kiyaye halal zai ji daɗi idan yana da nasa. A tuna da madarar jarirai da ƙunzugunsu, da abin buɗe gwangwani.

Na uku magani. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mace mai juna biyu, kowa ya tanadi na mako ɗaya zuwa biyu, a kuma rubuta sunayen magungunan a takarda. Mai amfani da insulin ya nemi ƙaramar kula da ƙanƙara. Wanda ake yi wa wankin ƙoda ya tambayi asibitinsa tun da wuri ina zai je idan an rufe.

Na huɗu, wanda ya fi shafar baƙo, takardu ne. Fasfo, takardar zama, takardun haihuwar yara, yarjejeniyar haya, takardun makaranta da na inshora, a haɗa su cikin leda mai rufewa wadda ruwa ba ya shiga. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa wani amintacce da ke wani gari ko wata ƙasa. Ɗan ƙasa da ya rasa katinsa zai sake shi cikin makonni, baƙon da fasfonsa ya jiƙe kuwa yana iya shafe watanni yana zarya tsakanin ofishin jakadanci da na shige da fice.

Sauran kayan su ne tocila da batura, rediyo mai batir, batirin ajiya na cajin waya, akwatin taimakon farko, sabulu, ashana cikin leda, da kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin idan wuta ta ɗauke na'urorin cirar kuɗi da na biya da kati duk tsayawa suke yi. A Amurka akwai wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba: inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Wannan daban ake saye, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Inshorar mai gida kuma ba ta rufe kayan ɗan haya.

Daga ƙarshe iyali su zauna su yanke shawara: idan aka rabu a ina za a haɗu, kuma wa za a sanar. Ya fi kyau a zaɓi mutum ɗaya da ke nesa da yankin, kowa ya tura masa saƙo, shi kuma ya sanar da dangi a Garwa ko Kumasi ko Tawa. A rubuta lambarsa a takarda a saka wa kowane yaro a aljihu.

Idan an fara gargaɗi

Guguwa ba kamar girgizar ƙasa ba ce, ana ganin ta tun tana nesa. A Amurka ana fitar da sanarwar farko sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ma'ana tana iya zuwa. Gargaɗi na biyu kuma sa'o'i 36, ma'ana ana sa ran zuwanta. A yankunan Faransa na ƙetare da launi ake yi: ruwan ɗorawa a fara shiri, ruwan lemo a kammala, ja kowa ya shige gida, shunayya kuma ko ma'aikatan ceto ba sa fita.

Taswirar da ake nunawa a talabijin, mai kama da mazurari, tana nuna inda tsakiyar guguwar ke iya bi ne kawai. Ba faɗinta take nunawa ba. Gari yana iya zama a wajen zanen kuma ruwa ya ci shi.

A wannan lokaci ake cika mota da mai, a caja wayoyi, a cika bokitai da jarkoki da kwamin wanka da ruwa domin ban-ɗaki da alwala. A shigo da duk abin da ke tsakar gida ko baranda: kujeru, tukwanen fure, kekunan yara, kwandon shara. A iskar kilomita 150 a sa'a, kujerar roba makami ce. A rufe tagogi da murfinsu na ƙarfe ko falankin katako mai kauri. Manna salatif a kan gilashi, wanda mutane da yawa ke yi, ba ya hana shi fashewa, sai ma ya sa ya fashe manya-manya. Haka nan maganar a bar taga ɗaya a buɗe domin iska ta samu hanya kuskure ce, domin iskar da ta shiga ɗaki ita ce ke ɗaga rufi daga ƙasa. A ƙure sanyin firiji, a daskarar da robobin ruwa a firiza, a ɗaga kayan wuta da buhunan abinci daga ƙasa. A kuma ɗauki hoton ɗakuna da kayan da ke ciki saboda inshora.

A tafi ko a zauna

Wannan ce shawara mafi nauyi, kuma a nan ake rasa rayuka. Idan hukuma ta ce a bar yankin, a bar shi da wuri, da rana, kafin hanyoyi su cushe gidajen mai su ƙare. Ba sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, abin nema shi ne gini mai ƙarfi a inda ruwa ba ya kaiwa. Kafin fita a kashe wutar gida daga babban makunni, a rufe tukunyar gas, a sanar da maƙwabci inda aka nufa.

Dalilan ƙin tafiya sanannu ne: tsoron ɓarayi, rashin mota, rashin kuɗin masauki, tsoho ko maras lafiya da ba a iya ɗauka, da cewa ai bara ma an yi gargaɗi ba abin da ya faru. Ga baƙo akwai ƙarin dalili ɗaya, wato tsoron hukuma.

Abin da ya faru a Mayotte ya isa darasi. Ranar 14 ga Disamban 2024 guguwar Chido ta afka wa wannan tsibiri na Faransa, wanda mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, da iskar da ta wuce kilomita 200 a sa'a, mafi ƙarfi da aka gani a can cikin shekara 90. An buɗe makarantu da ɗakunan wasanni a matsayin mafaka, amma kamar yadda jami'ai da ƙungiyoyin agaji suka bayyana daga baya, baƙi da yawa marasa takardu sun ƙi zuwa domin suna zaton tarko ne na kama su. Suka zauna a gidajen kwano da ke kan gangaren tuddai, guguwar ta share unguwannin. Alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum kimanin 40, dubbai kuma suka ji rauni.

Saboda haka yana da kyau shugabannin al'umma, sarkin Zango ko limamin masallaci ko shugaban ƙungiyar ƴan ƙasa, su binciki dokar mafaka a garinsu tun kafin lokaci su faɗa wa jama'a da harshen da suke ji. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka, alal misali, ta sha bayyana cewa ba ta neman katin shaida ko takardar zama kafin ta karɓi mutum a mafakarta. Su ne kuma suka san wace bazawara ce ke zaune ita kaɗai da yara, wane dattijo ne ba ya jin Turanci ko Faransanci, wa ke da mota mai sauran wuri.

Masu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, malamai sun daɗe da amsa musu cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Shari'a ma ta yi sauƙin a yi salla a gida idan ruwa ko iska suka tsananta, don haka babu dalilin fita jam'i a irin wannan rana.

Lokacin da take kaɗawa

Wanda ya zauna a gida ya tara iyalinsa a ɗakin da ke tsakiyar gini, marar taga, a hawa mafi ƙasa da ruwa ba ya kaiwa. Ban-ɗaki ko lungun da ke tsakanin ɗakuna yakan yi. A ajiye katifa kusa, idan rufi ya fara tashi a lulluɓa da ita. Kowa ya sa takalmi mai rufi saboda gilashi da ƙusa. A dogon bene ba a hawa na'urar ɗaga mutane, kuma iska ta fi ƙarfi a hawa na sama. A yi amfani da tocila maimakon kyandir ko fitilar kananzir, domin idan gobara ta tashi ƴan kwana-kwana ba za su iya fitowa ba.

Idan ruwa ya fara shigowa, a kashe wuta daga babban makunni, muddin ba sai an taka ruwa za a kai gare shi ba, sannan a hau sama. Kada a shige cikin silin da ba shi da mafita, domin a New Orleans an tarar da gawawwakin mutanen da ruwa ya rutsa a irin wannan wuri. Idan ya zama dole, a fita kan rufi a nemi agaji. Mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa ya fita tun ruwan bai kai idon sawu ba, domin da ya taru a bayan ƙofa nauyinsa ba ya barin a buɗe ta.

Akwai wani tarko da ke kama wanda bai sani ba. A tsakiyar guguwar akwai fili da ake kira idonta. Idan ya zo kan gari iska takan tsaya, ruwa ya ɗauke, wani lokaci har rana ta fito. Wannan na iya ɗaukar ƴan mintoci ko sa'a guda. Daga nan sai ɗaya ɓangaren ya iso ba zato, iska ta dawo daga wata fuskar da ƙarfinta na farko. Ba a fita duba rufi ko mota sai hukuma ta sanar a rediyo cewa ta wuce.

Batun waya kuma, rubutaccen saƙo ya fi kira saurin wucewa idan layi ya cushe, bai kuma cin batir. Dangin da ke gida Afirka su ma su taimaka: kira ashirin daga mutum ashirin yana ƙarar da batirin da mutum zai nemi ceto da shi. A wakilta mutum ɗaya ya riƙa tambaya. Shiru na kwana biyu ko uku sau da yawa faɗuwar turakun sadarwa ne.

Bayan ta lafa

Kwanakin da ke biyo baya suna da nasu hatsarin. Bayan Maria ta ratsa Puerto Rico ranar 20 ga Satumban 2017, wasu yankuna sun yi kusan wata 11 babu wuta. Ƙiyasin da gwamnatin tsibirin ta amince da shi ya ce mutum 2,975 ne suka rasu, mafi yawansu a watannin da suka biyo baya, saboda rashin wuta da magani da ruwa mai tsabta.

Hatsari na farko ruwan da ke kwance a hanya ne. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, mai 60 yana tafiya da babba. Ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa: kwalbati a buɗe, kwalta da ta zaizaye, wayar lantarki, maciji. Duk wayar da ta faɗo a ɗauka da wuta a jikinta.

Na biyu hayaƙin janareto da gawayi. Suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa. Bayan guguwar Laura a watan Agustan 2020, mutum biyar ƴan gida ɗaya suka mutu a Lake Charles ta Louisiana saboda janareton da aka kunna a garejin gidansu. Janareto a waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6. Wanda ya saba dafa shayi a kan gawayi ya sani cewa abin da ake yi a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya a Agadas ba a yin sa a ɗaki mai rufaffun tagogi. Duk wanda ya ji alamun nan a fitar da shi iska a nemi likita.

Na uku ruwan sha da abinci. Ruwan famfo ko na rijiya bayan ambaliya ba abin yarda ba ne sai hukuma ta tabbatar. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In babu wuta, a ɗiga ɗigo 2 na ruwan Javel marar turare, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a kowace lita ta ruwa mai haske, a jira minti 30. Bayan guguwar Idai, wadda ta kashe mutum sama da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi a watan Maris na 2019, kwalara ta ɓarke a birnin Beira ta kama dubbai. Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na sa'o'i 4, firiza cikakkiya sa'o'i 48, mai rabi kuma 24. Naman da ya wuce haka, da duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa, a zubar da shi ko da zuciya ba ta so.

Na huɗu zafi. Bayan Beryl a watan Yulin 2024, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 a yankin Houston sun rasa wuta a tsakiyar bazara, wasu fiye da mako guda, kuma zafi ya kashe mutane, musamman tsofaffi. A riƙa leƙa maƙwabta.

Wajen komawa gida, a duba bango da rufi daga waje tukuna. In an ji warin gas kada a kunna ashana ko makunni, a fita. Kada a mayar da wuta sai mai gyara ya duba. A ɗauki hoton ɓarnar kafin a fara shara, a sa safar hannu da takalmin roba, a fitar da katifu da darduma da suka jiƙe, domin fumfuna takan kama cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A yi hattara da masu yawo gida-gida suna karɓar kuɗin gyaran rufi tun kafin aiki, da masu tara gudummawa a intanet da sunan waɗanda abin ya shafa. Yara kuma sukan daɗe suna firgita da ƙarar iska ko ruwa, suna buƙatar a saurare su a kwantar musu da hankali.

Abin da ya shafi na gida

Hadarin da ke haifar da guguwar Atlantika shi ne dai wanda ke kwashe kwanon makarantu a farkon damina daga Marwa zuwa Dosso, ya kuma rushe gidajen ƙasa a watan Agusta. A daminar 2024 ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Chadi da Nijar, ta mamaye Yagwa a arewacin Kamaru, ranar 10 ga Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Shekara guda kafin nan, a daren 10 zuwa 11 ga Satumban 2023, guguwar Daniel da ta taso daga Bahar Rum ta karya madatsu biyu a Derna ta Libiya, ƙasar da dubban ƴan Nijar da Chadi da Sudan ke ci-rani, mutum sama da 4,000 suka mutu, wasu dubbai ba a gan su ba.

Yawancin matakan da aka lissafa suna aiki a waɗannan wurare ba tare da canji ba. A yashe magudanan ruwa kafin damina, a ƙara wa kwano ƙusa, a ɗaure katakon rufi da bango, a sare reshen da ya rataya kan ɗaki, a ɗaga hatsi daga ƙasa, a sa takardu cikin leda, a san tudun da za a nufa da hanyar da za a kora dabbobi. Ɗakin ƙasa da ya sha ruwa kwana biyu ko ya fara tsagewa ba wurin kwanan yara ba ne. Idan hukumar hasashen yanayi ko mai unguwa suka ce a tashi, a tashi tun da sauran haske.